Tramol: ƙwayar da littafin likita ya kira mai rauni

A shekarar 2013 wasu masu bincike daga Faransa, tare da abokan aikinsu 'yan Kamaru, suka fito da wani labari da ya sa masana sinadarai riƙe baki. Sun tono saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, itacen nan da masu maganin gargajiya ke jiƙawa don zazzaɓi da ciwon ciki, suka kai ɗakin gwaji, sai ga tramadol a ciki, ƙwayar nan da ake kira tramol. Wato maganin da Jamusawa suka ƙera da hannunsu, ashe wai yana nan kwance a saiwar itace tun fil azal. Mujallar da ta buga binciken, Angewandte Chemie, ba ƙaramar mujalla ba ce a wannan fanni, don haka labarin ya zaga duniya.

Shekara na zagayowa wata tawaga daga jami'ar Dortmund, ƙarƙashin Michael Spiteller, ta bi sawu. Su ma sun sami tramadol a saiwar tafashiya. Amma sun same shi a saiwar wasu itatuwan da ba su haɗa komai da ita ba, sun same shi a ƙasa, sun same shi a ruwa. Tafashiyar da aka tono a kudu kuwa babu ko ɗigo. Da suka zauna da manoma sai zance ya fito: mutanen yankin suna shan ƙwayar don su jure aikin gona, suna kuma ba shanun huɗa. Shanu su gama aiki su kwanta a inuwa, su yi fitsari da kashi, ƙasa ta shanye, saiwa ta zuƙa. Masu binciken farko sun yi gardama, amma awon kabon da aka yi daga baya ya nuna irin kabon da ke fitowa daga man fetur ne, ba wanda tsiro ke shaƙa daga iska ba. Na masana'anta ne.

Duk lokacin da na ji an ce tramol ai ƙaramin magani ne, wannan labarin nake tunawa. Maganin da aka sha har ya ratsa cikin shanu, ya shiga ƙasa, ya hau saiwa, ya ruɗi farfesoshi. A littafin likita kuwa sunansa yana cikin jerin masu rauni, kuma littafin bai yi ƙarya ba. Yadda maganganun biyu suka zama gaskiya a lokaci guda shi ne abin dubawa, domin a kan kalmar nan ta rauni aka gina dokar da ke kansa, ko in ce rashin dokar.

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya kuma fito da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal. Abin da ake nema a lokacin shi ne magani mai kashe zogi irin na mofin, amma wanda ba zai danne numfashi ko ya kama mutum kamar mofin ba. Mofin da kodin daga ƙaron tsiron opiyam ake samunsu, kuma ginin ƙwayar zarrarsu mai sarƙaƙiya ne: zobba biyar a harɗe da juna. Tramadol kamar an ɗauki ginin kodin ne aka rushe ɗakunan da ake ganin ba dole ba ne, aka bar zobba biyu da ɗan reshe mai ɗauke da naitirojin. Kabon 16, haidirojin 25, naitirojin 1, oksijin 2. Ba ya buƙatar gona, ba ya jiran damina, ba ya buƙatar manomin da hukuma za ta sa wa ido. Masana'antar da ke da kayan aiki za ta iya fitar da shi tan-tan a kan kuɗi kaɗan. Wannan kaɗai ya bayyana rabin abin da ya biyo baya.

Sauran rabin yana cikin jiki. A ƙwaƙwalwa da laka akwai wasu gurabe da suke kamar kwado, ana ce musu miyu. In ɗan makullin da ya dace ya shiga, saƙon ciwo ya ragu, jiki ya mutu, mutum ya ji wani daɗi, numfashi kuma ya yi ƙasa. Mofin makulli ne da ya zauna daram. Tramadol da kansa makulli ne mara kyau, riƙonsa ga wannan kwado ya gaza na mofin sau dubbai, ya gaza na kodin ma. Da a nan zancen ya tsaya, da ba wanda zai san sunansa a tashar mota.

Sai dai ƙwayar na isa hanta sai wani ma'aikaci da ake kira CYP2D6 ya tare ta. A jikin ɗaya daga zobban nan biyu akwai wata 'yar hula ta kabon ɗaya da haidirojin uku. Ma'aikacin ya cire hular, sai tramadol ya koma wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da M1, wanda riƙonsa ga kwadon ya ninka na asalin sau ɗaruruwa. Wannan ma'aikacin dai shi ne ke cire wa kodin hula ya mai da shi mofin. Ke nan abin da mutum ya haɗiya daban, abin da ya yi masa aiki daban, kuma hantarsa ce ke yanke hukuncin yawansa.

Hanta kuwa ba ɗaya ba ce. Gado ne. A cikin Turawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kusan ba su da wannan ma'aikaci mai aiki, tramadol ba ya kashe musu ciwo yadda ya kamata. A Habasha an sami kusan kashi 29 cikin ɗari da suka gaji ƙwayar halittar ninki biyu ko fiye, hantarsu na juya maganin da gaggawa, abin da aka rubuta wa kowa lafiya lau su yana iya danne musu numfashi. A tsakanin baƙar fatar Afirka kuma akwai wani nau'i mai sanyin aiki da ya yaɗu sosai. Abokai biyu za su raba sacet ɗaya, ɗaya ya yi ta gyangyaɗi, ɗayan ya ce bai ji komai ba, ya ƙara biyu. Wanda ya ƙara ɗin nan shi ne ya fi shiga haɗari, don maganin yana da fuska ta biyu da ba ta jiran hanta. Wannan bambancin gado na cikin dalilan da suka sa hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 tramadol a 2017.

Fuska ta biyun ita ce aka fi mantawa. Abin da ke cikin kafso ba abu ɗaya ba ne, tagwaye ne, kamar takalmin dama da na hagu: kayan gini ɗaya, amma ɗaya hoton ɗaya ne a madubi. Na farko yana hana jijiyoyi kwashe serotonin, wani sinadarin da suke aika wa juna saƙo da shi, bayan sun sake shi, kuma M1 ɗin da ke fitowa daga gare shi ne ya fi kama kwadon miyu. Na biyu yana hana kwashe noradirenalin, wani sinadarin saƙon. Waɗannan sinadarai biyu su ne magungunan ciwon damuwa ke taɓawa, kuma in ka ajiye zanen tramadol kusa da na venlafaxine, wani sanannen maganin damuwa, sai ka ce 'yan ɗaki ɗaya ne. Mai shan tramol yana shan ɗan'uwan mofin ne da maganin damuwa a haɗe cikin ƙwaya guda.

A nan ne amsar tambayar da mutane da yawa ke yi take: in dangin mofin ne, me ya sa ba ya kwantar da mutum, sai ma ya sa shi aiki kamar inji? Ɗan dako, ɗan acaɓa, lebura a wurin gini, mai haƙar zinare a rami, mai noman ƙodago da ke son gama kadada kafin la'asar, ba barci suke nema ba. Ɓangaren mofin yana rufe bakin ciwon baya da na gwiwa, ɓangaren noradirenalin yana wartsakar da su, na serotonin yana ɗan ɗaga zuciya ya kuma rage jin yunwa. Shi ne kuma dalilin da wasu magidanta ke sha don harkar iyali, saboda serotonin na jinkirta biyan buƙata. Duk abin da suke faɗa game da ƙwayar gaskiya ne a makonnin farko. Abin da ba a gaya musu ba shi ne jiki na sabawa da ɓangaren mofin da sauri, sai an ƙara, alhali ɗaya ɓangaren yana taruwa ne yana kusantar da ƙwaƙwalwa ga farfaɗiya.

Na taɓa ganin wannan a teburin mai shayi, da hantsi. Wani matashi mai tura baro ya zauna ya ce a haɗa masa kauri, ya ɓare wani abu daga aljihu ya kora. Ba a yi rabin awa ba sai kofi ya suɓuce, ya sandare, ya faɗo daga benci yana jijjiga, kumfa a baki. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ruga neman cokali zai cusa masa a baki, wani dattijo ya daka masa tsawa ya ce a juya yaron a kan gefensa kawai a matsar da benci. Dattijon ne ya yi daidai. Mai shayin ko gezau, ya ci gaba da fifita wuta, ya ce, "Baba, ai wannan na uku ke nan a watan nan." Bayan 'yan mintuna yaron ya farfaɗo, harshe a tattaune, bai san abin da ya faru ba. A ƙasa kusa da ƙafarsa akwai ɓawon sacet, an rubuta 225.

Lambar nan ita ce zuciyar maganar ƙarfi. A ma'aunin asibiti, miligiram 100 na tramadol yana kusan daidai da miligiram 10 na mofin, wanda shi kuma yake daidai da kashi ɗaya cikin goma na miligiram guda na fentanil, maganin da Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam wanda yanzu ke kashe dubban mutane a Amurka. A wannan tsani tramadol yana ƙasa ƙwarai. Likita kan rubuta miligiram 50 zuwa 100 duk bayan awa 4 zuwa 6, kuma ƙa'ida ita ce kada a wuce 400 a yini. Hukumar NAFDAC ba ta amince da wanda ya wuce 100 ba. Na kasuwa kuwa 120 ne, 200, 225, har 250. Guda biyu na 225 sun riga sun tsallake iyakar yini gaba ɗaya, kuma wanda ya yi nisa ba ya tsayawa a biyu. Rauni a ma'aunin miligiram ba ya nufin komai in an ninka miligiram ɗin. Gishiri ma ba guba ba ne sai an cika shi. Bambancin kawai, iyakar 400 ɗin nan ba don numfashi kaɗai aka sa ta ba, don farfaɗiya ce, wadda kan zo wani lokaci ko a kan adadin da likita ya rubuta.

Ko a ɗakin gaggawa maganin yana ba da wahala. Wanda mofin ko hodar iblis ta dangin opiyam ta danne wa numfashi, ana yi masa allurar naloxone, ta fizge makullin daga kwado, ya farka. A kan tramadol naloxone rabin aiki take yi, domin ba ruwanta da serotonin da noradirenalin, kuma takardar maganin kanta ta yi gargaɗin cewa tana iya ƙara haɗarin jijjiga. In an haɗa shi da giya, ko maganin barci, ko sirof na kodin, numfashi ne ke tsayawa. In an haɗa shi da maganin damuwa, serotonin na iya yin ambaliya: zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa. Bari kuma azaba biyu ce. Akwai irin ta mofin, gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da hamma, ga kuma wata a kai, firgici da rashin barci da jin kamar lantarki na ratsa kai, wani har gane-gane. Shi ya sa ɗaure yaro da mari a ce ya bari yau-yau ba magani ba ne. Likitoci a hankali suke rage shi.

To ina doka? Mofin, kodin, fentanil, duk suna cikin jadawalin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961. Ma'anar shiga jadawalin ita ce kowace ƙasa sai ta faɗa wa hukumar sa ido da ke Biyana yawan abin da take buƙata a shekara, kuma ba a fitar da ko kwali ɗaya daga wata ƙasa sai da takardar izinin ƙasar da za a kai wa. Tramadol ba ya cikin wannan jadawali, ba ya kuma cikin na yarjejeniyar 1971. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sha duba shi tun daga 1992. A karon farko hujjar ita ce bai cika kama mutum ba, hujjar da aka gina a kan marasa lafiyan Turai masu shan 50 da 100 da takardar likita. Masar, wadda ta ɗanɗana kuɗarta har ta tsaurara dokarta a 2012, ta matsa lamba a sa shi. A 2018 kwamitin ya sake zama, ya amince cewa illar da ake gani a Afirka ta Yamma da Gabas ta Tsakiya gaskiya ce, amma ya ƙi ba da shawarar a sa shi, ya ce a ci gaba da sa ido.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin rashin damuwa da mu. Daga baya na ga ba haka zancen yake ba tsaf. Wani babban rahoto da mujallar Lancet ta fitar a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin ɗari na mofin da danginsa da ake rarrabawa. Dokar da aka yi don hana shaye-shaye ta sa asibitoci da yawa tsoron ajiye mofin, takardun sun yi yawa, likitoci na gudun rubutawa. A irin wannan wuri, mai sikila da ciwo ya tasar wa tsakar dare, mai sankara, wanda ya karye a hatsarin mota, matar da aka yi wa tiyata, tramadol ne abin da ke kusa da hannu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kimanin 150,000 a shekara. Kwamitin ya ji tsoron in aka kulle tramadol irin kullen mofin, ɗan fasa-ƙwauri zai sami hanyarsa, mai ciwon ne zai rasa. Ga kuma cewa yawancin na kasuwa ba daga kantin asibiti aka karkatar da shi ba, tun daga masana'anta an buga shi ne don titi. Ba na jin hujjar ta wanke kowa, amma ba ta wasa ba ce.

Sakamakon dai shi ne kowace ƙasa da kiɗanta. Amurka ta amince da shi a 1995 ba tare da wani takunkumi ba, sai a 2014 ta sa shi a aji na huɗu na magungunan da ake tsarewa. Ingila ma a 2014 ta yi nata. A ƙarshen 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar yawon buɗe ido daga Ingila shekara uku saboda ƙwaya 290 da aka samu a jakarta. A fagen wasanni hukumar tseren keke ta hana shi a 2019, har aka soke sakamakon Nairo Quintana na gasar Tour de France ta 2022 a kansa, sannan hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi lokacin gasa daga farkon 2024. Abin da ɗan dako ya gano tuntuni, cewa ƙwayar na sa a jure wahala fiye da ƙima, sai da aka yi gwaje-gwaje kafin manyan wasanni su yarda.

A Nijeriya magani ne na takardar likita, wanda ya wuce 100 kuma haramtacce ne, NDLEA da kwastan na kama kwantena-kwantena a Apapa da Onne. Duk da haka binciken ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya tallafa, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin mofin ba don jinya ba a shekara guda, galibi tramadol, daga cikin miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya. Wiwi kaɗai ta fi shi. Doka a takarda ba ta hana kemis ɗin lungu ko mai tallan magani a faranti miƙo sacet, musamman in kaya na shigowa ta Kwatano da Lome da kan iyakar da ba ta da ƙofa, wasu su zarce Agadas zuwa Libiya.

Abin da ya taɓa kasuwar da gaske daga tushe ya zo. Yawancin kayan daga Indiya suke, kuma a watan Afrilun 2018 Indiya ta sa tramadol ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. Fitar da shi ya yi wuya, farashi ya tashi. Sai masu sana'ar suka waiwayi ƙaninsa, tapentadol, wanda shi ma Grünenthal ce ta haɗa. Shi ba ya jiran hanta ta cire masa hula, kai tsaye yake kama kwado, ya kuma fi tramadol ƙarfi, har Amurka ta ajiye shi a aji ɗaya da mofin. Shi ma ba ya cikin jadawalin duniya. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a yankin Mumbai da ke haɗa tapentadol da carisoprodol, maganin sassauta tsoka, haɗin da babu hukumar da ta amince da shi a ko'ina, yana turowa Ghana da Nijeriya da Kodebuwa da sunaye irin su Tafrodol. Cikin kwanaki Indiya ta hana haɗawa da fitar da shi. A watan Maris na shekarar aka sa carisoprodol a jadawalin yarjejeniyar 1971, tapentadol da tramadol kuwa aka bar su a waje.

A jikin wasu sabbin sacet ɗin an buga lambar da masu saye suka saba gani, 225, kuma a tasha da bakin kasuwa sunan bai canja ba. Yaro zai miƙa kuɗi ya ce a ba shi tramol, a miƙo masa sinadarin da ko mai sayarwar bai san sunansa ba.